MVP: gwarzo ne ko jigo?

Malamai masu fassara da 'yan jaridar wasanni, barkanmu da war haka. Ina neman shawararku kan haruffan nan uku, MVP (Most Valuable Player a Turance), kyautar da ake ba ɗan wasa ɗaya a kowane rukuni na gasar besbol ta Amurka idan kakar wasa ta ƙare.

Abin da ya fi saurin zuwa baki shi ne "gwarzon ɗan wasa", kamar yadda muke cewa a Ballon d'Or. Ni dai bai kwanta mini ba. Gwarzo shi ne wanda ya fi kowa iyawa. Su kuwa Amurkawa cewa suka yi wanda ya fi amfanar ƙungiyarsa, kuma ba su taɓa fayyace ma'aunin amfanin ba. Ta wannan kafar son rai yake shigowa.

Tun 1931 marubuta labarin besbol ne ke zaɓen. A yau mutum 30 ne a kowane rukuni, biyu daga garin kowace ƙungiya. Wato wanda ka hana hira jiya, shi ke riƙe da ƙuri'arka yau.

Ku dubi Ted Williams na Boston, wanda ba ya ga maciji da 'yan jarida. A 1942 ya zo na ɗaya a manyan ƙididdiga uku na masu bugun ƙwallo da sanda, aka tsallake shi aka ba Joe Gordon na Yankees. A 1947 ya maimaita, Joe DiMaggio ya kayar da shi da maki ɗaya tak, 202 da 201, bayan wani mai zaɓe ya ƙi sa sunansa ko a na ƙarshe cikin sunaye goma da kowane mai zaɓe ke jerawa. A 1995 ma Albert Belle, wani mai faɗa da 'yan jarida, ya tsallakar da ƙwallo katanga (bugun da ake ji da shi a besbol) sau 50, amma Mo Vaughn mai fara'a ya tafi da kyautar. 'Yan mowa da 'yan bora ke nan. In muka ce gwarzo, mai karatu zai ɗauka an auna iyawa ne zalla, alhali ba haka aka yi ba.

"Ɗan wasa mafi daraja" fa? Mai sauraro zai zaci kuɗin sayensa ake nufi. "Mafi amfani" daidai ne a ma'ana, sai dai ba ya da armashi a kanun labari. "Zakaran gwajin dafi" kirari ne, ba sunan kyauta ba.

Shawarata: jigon kakar wasa. Jigo shi ne wanda ƙungiya ta jingina da shi, kuma ana iya musu a kan wane ne jigo ba tare da an musanta wane ne gwani ba. Sai mu rubuta: "An zaɓi DiMaggio jigon kakar wasa ta 1947, ko da yake alƙaluma na wajen Williams."

Abu ɗaya ke ba ni tsoro, 'yan siyasa sun riga sun mamaye kalmar da "jigo a jam'iyya". In kuna ganin ginshiƙi ya fi, ku gwada shi a jimlar nan ta sama ku faɗa mini yadda ya zauna a kunnenku.