Yaƙin sararin samaniya a littafi: mi ya sa nake ɓacewa a tsakiyar faɗa?

Ɗan Argungu:
Assalamu alaikum. Don Allah masu karanta labaran sojojin sararin samaniya, ku taimaka. Na fara Dauntless na Jack Campbell, amma da an shiga faɗa sai kaina ya ɗaure. An hango abokan gaba, kuma a ce sai bayan awa goma za a gwabza. Mi ya hana su harbi nan take? Sannan jerin littattafan nan masu yawa, daga ina ake kamawa?

Malam na Gusau:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Matsalar haske ce. Haske yana gudun kilomita kusan 300,000 a daƙiƙa ɗaya, amma duk da haka sai ya yi minti 8 da ɗoriya kafin ya iso mana daga rana. Ka san idan mace tana daka daga nesa, za ka ga taɓarya ta sauka kafin ƙarar ta iso kunnenka. To, a sarari gani ma yana makara haka.

Ɗauki lissafin da marubucin ke yawan amfani da shi. Jirgin maƙiyi yana nesa da kai tafiyar haske ta awa ɗaya, yana tahowa da kashi ɗaya cikin goma na gudun haske, wato kilomita 30,000 a daƙiƙa. Tafiyar za ta ci shi awa 10. Hoton da kake gani kuma na awa ɗaya da ta wuce ne, ya riga ya matso tun ɗazu. In ka harba inda ka gan shi, iska ka harba. Haka umarnin kwamanda: in jiragensa sun bazu, saƙo ba ya isa gare su lokaci ɗaya, dole ya ce kowa ya juya a minti kaza. Wanga shi ne zuciyar faɗan, kuma shi ya sa nake ganin littattafai shida na farko na jerin The Lost Fleet, wanda Dauntless ya buɗe, sun fi da yawa daga cikin ire-irensu tsari. Arangamar kanta ba ta kai ƙiftawar ido ba, kwamfuta ke harbin.

Ka ajiye takarda kusa, ka zana ɗigo biyu da kibiya, ka rubuta tazara da gudu duk lokacin da aka ambace su.

Hajiya ta Yawuri:
Na ƙara da abu ɗaya: babu birki. Kamar kwale-kwale ne a kogin Kwara, ko ka daina tuƙi yana tafiya, har gara shi, ruwa na rage masa gudu. A jerin The Expanse, littattafai tara daga 2011 zuwa 2021, jirgi yana ƙara wuta har rabin hanya, sai ya juya baya ya hura injin gaba don ya tsaya. Wanda bai gane haka ba zai ɗauka tserewa jirgin yake yi.

Muƙamai ma suna rikita mutane, domin na sojan ruwa ake bi. Kyaftin ɗin ruwa daidai yake da Kanar na ƙasa, Laftanar ɗin ruwa kuma shi ne daidai da Kyaftin na ƙasa. Haka yake a sojan ruwan Najeriya ma.

Kawu na Ƙaura:
Kan batun tsari, ɗana, bi yadda aka buga su, kada ka bi shekarun cikin labarin. Misali jerin Vorkosigan na Lois McMaster Bujold: Falling Free ya fito a 1988, amma labarinsa ya girmi sauran da kusan shekara 200, kuma babu Miles, jarumin jerin, a ciki. Mai farawa da shi yakan yi zaton ya ɗauko littafin da ba shi ba. Fara da The Warrior's Apprentice na 1986.

Jerin Honor Harrington kuwa, daga On Basilisk Station na 1993 ka miƙe har na goma. Bayan nan labarin ya yi rassa, kuma rassan suna maimaita aukuwa ɗaya ta idon mutane daban, har ka yi tsammanin ka taɓa karanta babin.

In a waya kake karatu, nemi EPUB maimakon PDF. Rubutunsa yana daidaita da allo, za ka iya ƙara girman harafi, kuma da ka sauke sau ɗaya ba ka buƙatar data. Kamfanin buga littattafai na Baen yana da sashen littattafan kyauta a shafinsa, duba can kafin ka saya.