Kusa da Oga ko bayan gari: ina ya kamata a gina hedikwatar agajin gaggawa?

Safiyo_Ɗanladi ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ni mai awon filaye ne, shekarata goma sha huɗu ina aikin safiyo. An cusa sunana cikin wani ƙaramin kwamiti da zai ba da shawarar inda za a gina sabuwar hedikwatar agajin gaggawa a garinmu, wato ɗakin da 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da ma'aikatan lafiya za su zauna tare idan wani abu ya faru. Ba zan faɗi jihar ba, ku yi mini uzuri, ina son aikina.

Fuloti biyu ne a gabanmu. Ɗaya yana jikin katangar sakatariya, tafiyar minti biyar a ƙafa daga ofishin manya, amma hanya ɗaya ce tak take shiga wurin, kuma na auna da hannuna, ya fi titin gabansa ƙasa. Ɗayan yana bakin titin da ya zagaye gari, kan tudu, sai dai jeji ne, ko turken wuta babu. Shugaban kwamitinmu ya ce ba sai an ɓata yawu ba, Oga ba zai yi tafiyar kilomita goma sha biyu ana cikin tashin hankali ba. Na ɗaga hannu na ce na taɓa jin irin wannan lissafin ne ya cuci birnin New York a 2001, sai aka yi mini dariya aka ce nan ba Amurka ba ce. Gaskiya ban riƙe labarin da kyau ba, shi ya sa na kasa kare kaina. Wanda ya san yadda abin ya faru ya taimaka mini kafin zaman ranar Laraba.

Baba_Bronx ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka zo gidan labarin, ina tuƙa tasi a garin lokacin da abin ya faru. Ba ka yi kuskure ba.

Magajin gari Rudy Giuliani ne ya buɗe cibiyar agajin gaggawa ta birnin a 1999, an kashe mata dala miliyan 13. A hawa na 23 aka sa ta, cikin bene mai lamba 7 na Cibiyar Kasuwanci ta Duniya, gini mai hawa 47, titi ɗaya ne tsakaninsa da harabar tagwayen benayen. Abin da zai ba ka mamaki shi ne ba a jahilci aka yi ba. A watan Fabrairun 1993 an tayar da bam a cikin mota a ƙarƙashin wannan Cibiyar Kasuwanci, mutum 6 suka mutu, sama da 1,000 suka jikkata. Kowa ya san an taɓa kai wa wurin hari kuma ana iya dawowa. Shugaban hukumar agajin gaggawa ta birnin na lokacin, Jerome Hauer, ya rubuta takarda yana nuna cewa unguwar Brooklyn, can tsallaken kogi, ta fi aminci. 'Yan sandan birnin ma sun nuna rashin amincewa. Amma ana son wurin da magajin gari zai iya takowa a ƙafa daga ofishinsa. Ka ji maganar shugaban kwamitinku ke nan, har lafazin.

Ɗakin kansa ba a yi masa ha'inci ba. Yana da janaretocinsa, da ruwansa, da iskarsa ta daban, an ƙarfafa shi yadda guguwa ba za ta yi masa komai ba. Ranar 11 ga Satumban 2001 kuwa, da aka kai wa tagwayen benayen hari da jiragen sama, wajen ƙarfe tara da rabi na safe aka ce kowa ya fice, tun kafin bene na farko ya faɗi. Ranar da aka gina shi dominta, ko awa ɗaya bai yi yana aiki ba. Da yamma, wajen biyar da minti ashirin, ginin gaba ɗaya ya rushe bayan ya wuni yana ci da wuta. Magajin gari da muƙarrabansa suka yi ta yawo a titi cikin ƙura suna neman inda za su zauna, suka fake a wani ofishin 'yan kwana-kwana, daga nan makarantar horar da 'yan sanda, bayan 'yan kwanaki suka koma wata katafariyar rumfar tashar jiragen ruwa a bakin kogin Hudson. Ka san inda hedikwatar take yau? Brooklyn. A 2006 aka buɗe ta, inda aka ƙi tun farko.

Gyara ɗaya, kada wani mai karatu ya kama ka ranar Laraba: an yi ta cewa tankunan man gas na janareto ne suka kayar da ginin. Binciken gwamnatin Amurka da ya fito a 2008 ya ce gobarar kayan ofis ce ta yi aikin, ga shi bututan ruwan kashe wuta sun fashe. Don haka kada ka jingina hujjarka da man.

Tsohon_Kwana-kwana ya amsa:

Malam Ɗanladi, Alhaji ya ba ka tarihi, ni bari in ɗan ja maka birki. Shekara talatin da biyu na yi a kan motar kashe gobara kafin in yi ritaya, kuma na ga gine-ginen gwamnati da aka kai jeji. Shekara biyu ake yi, a sace wayoyin wuta, a kwance sola, maigadi ɗaya da tocila, ƙadangaru su gaje ofis. Ranar da bala'i ya zo kowa zai taru a falon Oga ne da wayar hannu, ginin naku yana can yana kallon Allah. Shugaban kwamitinku bai yi ƙarya ba a kan halin manya. Idan za ku zaɓi tudun, to ku rubuta cewa a mayar da aikin yau da kullum can, masu ɗaukar kiran gaggawa da motocin asibiti su kwana su tashi a wurin. Gidan da ba a kwana a cikinsa ba ya tashi aiki rana tsaka.

Amma fulotin sakatariya, a'a. Mutanen Kano ba su manta da Juma'ar 20 ga Janairun 2012 ba. Ofisoshin 'yan sanda, da na jami'an tsaro na farin kaya, da na shige da fice aka nufa, kusan a lokaci guda. Kafin nan, a 2011, an kai wa hedikwatar 'yan sanda ta ƙasa hari a Abuja. Wanda zai kawo hari gidan hukuma yake nema, kai kuma za ka je ka jingina ɗakin ceto da katangarsa. Ko ba a taɓa ku ba, sojoji za su rufe unguwar, motarku ba shiga ba fita. Hanya ɗaya ka ce? Tirela ɗaya ta faɗi a bakinta an gama da ku.

Abin da zan duba da ni ne: ƙofa biyu da ke fita titi biyu daban, tazara tsakanin katanga da gini yadda mota ba za ta matso jikinsa ba, rijiyar burtsatse da tankinta, tankin man gas a waje nesa da inda mutane ke zama, da oba-oba. Kada ku dogara da sabis na waya, shi ne yake fara ɗaukewa. Kuma ƙasa ko hawa ɗaya, kada a biye wa ɗan kwangila a yi dogon bene.

Ya_Falmata ta amsa:

Baba, a kan hawa ɗaya ne kawai zan saɓa maka, da girmamawa. Ni 'yar Maiduguri ce. Daren 9 wayewar 10 ga Satumban 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, ba bam ba ne ya raba garinmu biyu, kogin Ngadda ne. Gadar Fori ta lalace, Gwange ta nutse, ruwa ya shiga asibitin koyarwa da fadar Shehu da kasuwar Monday, katangar gidan yari ta faɗi fursunoni sama da 270 suka gudu. Kwana biyu ina wannan gefe, mahaifiyata tana wancan, ba mai iya kai wa wani. Kuma an yi irinta a 1994, tsofaffi sun san inda ruwa ya tsaya a bango.

Don haka Malam Safiyo, tunda awo sana'arka ce, ka nemi dattawan unguwar su nuna maka iyakar ruwan da suka taɓa gani, ka auna. Janareto da na'urori kada a ajiye su a ƙasa. Sannan ka ƙirga gadoji nawa ne tsakanin tudun naka da inda talakawa suka fi yawa. In duk ta gada ɗaya ake bi, tudun ma tsibiri zai zama.

Safiyo_Ɗanladi ya sake rubutawa:

Allah Ya saka muku da alheri. Ya Falmata, kin sa na ɗauko taswira da daddare. Gada biyu ce tsakanin tudun da tsohon gari, ɗaya kwalbati ce ma ba gada ba, kuma damina biyu da suka wuce ruwa ya haye ta. Ban taɓa sa wannan a lissafi ba, ina ta murnar tudu.

Ga abin da zan kai. Babbar cibiya a tudu, da sharaɗin Baba tsohon ɗan kwana-kwana na cewa masu karɓar kira su tare a can tun ranar farko. Sannan ɗaki ɗaya a wata makaranta ko ofishin kwana-kwana da ke wancan gefen rafin, a sa masa oba-oba da sola da taswirori, a riƙa gwada shi. Shi kuma Oga a ja masa layi na musamman zuwa ofishinsa ya ga komai a allo, ba sai ya taka ko'ina ba. Na san kuɗin ɗaki na biyun ne za a fara yankewa, don ba a yanke masa ƙyalle a kira 'yan jarida.

Baba na Bronx, don Allah ka tabbatar mini da hawan nan, 23 ne ko 27? Shugabanmu mutum ne da zai bar duk maganar ya kama lamba ɗaya.

Baba_Bronx ya amsa:

23 ne, ƙanena. Rubuta shi da biro.