Don Allah ina kuskuren? Ogana ya ja min layi

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata uku ke nan da na fara aiki, kuma tun ranar farko ogana bai sake min fuska ba, wai na makara, alhali ba laifina ba ne. Jiya na rubuta masa "Myself and the accountant will finish it ourself." Ya ja layi ƙarƙashin kalma biyu ya dawo min da takardar, ko uffan. Gobe zan kai masa wata takardar, hankalina ya tashi.

Tsohon malami: Wa alaikumus salam. Duka biyun kuskure ne, 'yata. Jam'i "ourselves" ne, kamar yadda "leaf" ke komawa "leaves". Haka "yourselves" da "themselves". Shi kuwa "myself" aikinsa irin na "kaina" ne, kamar in aikin ya dawo kan mai yinsa: "I hurt myself", na ji wa kaina ciwo. Za ki ce "kaina da akanta za mu gama"? Rubuta "The accountant and I".

Mai tambaya: Amma Baba, shi kansa ogan yana rubuta "contact myself". A wurinsa na gani, na ɗauka ladabi ne.

Uwar biyu: Haka suke 'yar uwa! Nawa ogan shekara huɗu yana gyara min waƙafi, takardar ƙarin girmana na nan a durowarsa. Ba Turancin ba ne matsalar.

Tsohon malami: Shi ma kuskure ya yi, "contact me" ne. Kuma ku daina cewa "they love themselves" in kuna nufin suna son juna. Wannan son kai ne, juna "each other" ne. "Hisself", "theirselves", "themself", duk a zubar.

Ɗan jami'a: Malam, a yi haƙuri, "themself" kam ana amfani da shi yanzu in mutum ɗaya ake nufi ba a fayyace jinsinsa ba.

Tsohon malami: Ɗana, je ka rubuta shi a jarrabawa ka gani.

Mai tambaya: Na gode. Zan gyara "ourselves" ɗin. Amma fara jimla da akanta kamar na ba shi aikin ne, alhali ni na yi kusan komai. Ba yadda zan sa kaina a gaba?

Uwar biyu: Ki sa abinki. Ko karantawa ba zai yi ba.