Abin da fadarmu ta tsayar kan sigarin lantarki

Daren jiya a fadarmu ta Yamai, shayi har ya huce ana gardamar sigarin lantarki, wato na'ura mai batir da ke ɗumama wani ruwa ana zuƙar tururinsa. Wani ya kawo rahoton hukumar lafiyar Ingila na 2015, mai cewa illarsa ta gaza ta taba da kusan kashi 95 cikin ɗari. Wani ya tuno 2019, da ciwon huhu ya kashe mutane a Amurka; yawancinsu ruwan wiwi gaurayayye suka zuƙa ta sigarin lantarki.

Muka tsaya a nan: wanda bai taɓa shan taba ba kada ya fara sigarin lantarki, domin nikotin, sinadarin taba da ake sawa cikinsa, na kama mutum. Mai son barin taba ya ga likita, kada ya haɗa ta da sigarin lantarki. Ni dai 'yan lakwal ne damuwata, waɗanda ƙamshin mangwaro da ake sa wa ruwan sigarin ke ja.