Windows 11 ba ta ganin faifan ajiya wajen ɗorawa

Ɗan Aboabo: Assalamu alaikum. Na sayi kwamfutar tafi-da-gidanka a Adum da ke Kumasi, kuma ina ƙoƙarin ɗora mata Windows 11 daga filasha, amma idan na kai wurin zaɓen faifai sai akwatin ya fito fayau, alhali BIOS, wato shafin saitunan kwamfuta da ake shiga kafin Windows ta tashi, yana nuna faifan NVMe ɗin (nau'in faifan ajiya mai sauri) da sunansa da girmansa. Shin faifan ne ya lalace?

Mai Gyara na Asawase: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tunda BIOS yana ganinsa, da wuya laifin faifan ne. Yawancin kwamfutoci masu injin Intel na zubi na 11, wanda ya fito a 2020, da waɗanda suka biyo baya, suna zuwa da VMD a kunne, wato faifan yana bayan wani mai sarrafa ajiya ne wanda mai ɗora Windows bai zo da direbansa ba (direba ita ce ƙaramar manhajar da ke sa Windows ta gane na'ura). Ka sauko da direban nasa, mai suna Intel RST, daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, ka warware fayilolin a cikin filashar, sannan ka danna "Load driver" ka nuna masa inda suke. Dole a warware su, domin fayil ɗin .inf yake nema, ba .exe ba.

Hajiya daga Nima: Haka ne, Malam. Ana iya kashe VMD a BIOS, kuma ya fi sauri, amma a yi hakan kafin ɗorawa. Wanda ya canza bayan an gama, kwamfutarsa za ta ƙi tashi.

Ɗan Aboabo: Na gode, Malam da Hajiya. Na loda direban, faifan ya bayyana nan take, ɗorawa tana tafiya yanzu.