Za su biya mini PGDE, amma sai na zauna musu shekara biyu. In sa hannu?

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan gida. Shekarata uku ina aiki a wata ƙungiya a Kano da ke horar da malaman firamare yadda ake koyar da karatu da Hausa daga aji ɗaya zuwa uku. Digirina na tattalin arziki ne, ba ni da takardar koyarwa. Oga ya ce za su biya mini PGDE, wato difilomar koyarwa ta masu digiri, in na gama in zauna jarrabawar TRCN, hukumar rajistar malamai ta ƙasa, amma sai na sa hannu ba zan bar su ba sai bayan shekara biyu. In na tafi, in mayar da kuɗin. Ga kuma wata makarantar kuɗi ta kira ni da ƙarin dubu 35 a kan albashina, ba maganar karatu. Litinin ake son amsa. Wanda ya taɓa sa hannu a irin wannan takarda, yaya ta kaya?

Ɗan Kurmi: Wa alaikumus salam. Malama ki nemi aikin gwamnati kawai, shi ne rufin asiri.

Maman Biyu: Yaya, ai ba a ba ni shi na ƙi ba.

Tsohon Kodineta: 'Yar'uwa, zauna ki ji nawa. Shekara bakwai na yi wa irin waɗannan ƙungiyoyi aiki. Ni ne kan babur ƙauye ƙauye, damina da rani, ina duba darasin malamai. Sau biyu aka ba ni gwarzon ma'aikaci. Na farko allon katako mai sunana, harafi ɗaya ma ba daidai ba. Na biyu filas ɗin shayi da tafi. Ranar malamai ta duniya, 5 ga Oktoba, ni ake miƙa wa makirufo in yi godiya a madadin ma'aikata, oga yana cewa mu duka 'yan gida ɗaya ne. Da Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje a Janairun 2025, da saƙon WhatsApp aka sallame mu, mu goma sha ɗaya, ana sallar la'asar. Babur ma washegari aka aiko direba ya karɓa. Filas ɗin dai yana nan, uwargida na zuba kunu.

Hajiyar Lissafi: Innalillahi. Allah ya musanya da mafi alheri, Malam. Amma ita ba sallama ta tambaya ba. Maman Biyu, nawa suka rubuta a takardar? Ni wajen dubu 120 na kashe a nawa PGDE, har da kuɗin littattafai.

Malam Na Zariya: Hajiya wace shekara? Ƙanena bara ya fi dubu 300.

Hajiyar Lissafi: Naka a jami'a ya yi, da zaman hostel. Ni a NTI, cibiyar horar da malamai ta ƙasa, na yi, Asabar da Lahadi, ina aikina.

Maman Biyu: Ba su rubuta adadi ba. Cewa aka yi "duk abin da aka kashe".

Hajiyar Lissafi: To nan gizo ke saƙar. Kada ki sa hannu sai sun rubuta lamba, kuma ta riƙa raguwa: in kin yi shekara ɗaya kika tafi, rabi za ki biya. Su kuma rubuta cewa in su suka sallame ki, ba ki da bashi. Lissafa ma: dubu 35 sau wata 24, dubu 840 ke nan. Kuɗin karatun bai kai rabinsa ba.

Malam Na Zariya: Lissafin takarda ke nan. Makarantar kuɗi nawa ke biyan albashin hutun Agusta? Kuma ba TRCN, kullum a ƙasa za ki zauna. Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski, shekara biyu kamar gobe ne.

Tsohon Kodineta: Malam, ka taɓa aikin ƙungiya kuwa?

Malam Na Zariya: Shekarata 22 ina riƙe da alli.

Tsohon Kodineta: Albashinka daga gwamnati yake zuwa, ba mai korarka ta waya. Ka bar wanda wuta ta ƙona ya yi bayanin zafinta.

Ɗan Kurmi: Baba Kodineta, filas ɗin na sayarwa ne? Ina da shayi ba ni da lambar yabo.

Tsohon Kodineta: Ɗan nan, Allah ya shirye ka.

Anti Mai Alli: Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne bita. In ta Abuja ce, mai otal da alawus ɗin kwana, sunayen mutum huɗun nan ne dai, har da mai ajiyar kuɗi da bai taɓa shiga aji ba. Su dawo su tara mu a ofis su karanta mana takarda cikin awa biyu, a raba lemo da cincin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Tsohon Kodineta: Wannan ƙarami ne, Anti. Bayan sallama na je wajen kamfanin fanshona. Doka tun 2014 ta ce a cire kashi 8 a albashinka, mai aiki ya ɗora kashi 10. Nawa ana cirewa duk wata, yana nan a takardar albashi, amma wata goma sha huɗu ba abin da ya shiga asusun.

Hajiyar Lissafi: Ka kai ƙara PenCom, hukumar kula da fansho ta ƙasa, da takardun albashinka. Wannan ba alfarma ba ce.

Anti Mai Alli: Tsaya, ta ina ake dubawa? Ni tun da na canza layi ban sake ganin saƙonsu ba.

Maman Biyu: Jama'a, Litinin fa jibi ce.

Anti Mai Alli: Yi haƙuri 'yar'uwa, yanzu za mu dawo kanki. Hajiya, sai na je ofishinsu da kaina ko ana iya yi ta waya?