Tsiro ne ko tsakuwa a matsarmamar mai sikila?

Maman Hafsa, Aboabo: Assalamu alaikum. Yarinya ce 'yar shekara 15 mai sikila SS, tana fama da ciwo ƙarƙashin haƙarƙarin dama in ta ci abu mai maiƙo. Sikanin ya nuna tsiro milimita 7 a matsarmama. Kansa ce? Me za a yi kafin ranar komawarta asibitin Komfo Anokye?

Mai Hoto, Asawase: Wa alaikumus salam. Hajiya, ki kwantar da hankalinki, kansar matsarmama a wannan shekarun abu ne mai wuyar gaske. Jajayen ƙwayoyin jinin mai sikila kwana 10 zuwa 20 suke yi su fashe, na mai lafiya kuwa kwana 120. Bilirubin, wato sinadarin ruwan ɗorawa da ke fita in sun fashe, sai ya taru a matsarmama, ya zama laka ko baƙar tsakuwa. Lakar in ta dunƙule, sak tsiro take fitowa a hoto.

A sake sikanin bayan awa 6 zuwa 8 ba ci, don matsarmama ta cika. A ɗauka tana rigingine, sannan a juya ta gefen hagu. Tsakuwa tana gangarawa, tana kuma yin baƙar inuwa a bayanta. Tsiro yana manne da bango, ba inuwa. Laka tana motsi amma a hankali, sai mai hoton ya jira 'yan mintuna, nan ne gaggawa take jawo kuskure. Ruwa kam ta sha, don ƙishirwa tana tayar da ciwon sikila.

Nas Rabi, Tafo: Ƙari kaɗan, Hajiya. A duba ko an yi mata allurar seftiriyakson, maganin kashe ƙwayoyin cuta, kwanan nan. Tana haɗa laka a matsarmama, wadda ke washewa da kanta bayan an daina.

Dakta Sani: A haɗa da gwajin hanta, musamman ALP da GGT (sinadaran hanta da ake aunawa a jini) da bilirubin. In sun hau, kuma bututun madaci ya wuce milimita 6, ana zargin tsakuwa ta toshe shi, sai a yi MRCP, wato hoton MRI na bututun madaci. In tsiro ne da gaske, mai milimita 6 zuwa 9 ana sake duba shi bayan wata 6, daga milimita 10 ana cire matsarmamar. Tsakuwa mai ciwo ma tiyata ce, yawanci bayan ƙarin jini har HB, wato ma'aunin yawan jini, ya kai wajen 10. Zazzaɓi ko amai ko idon ya ƙara yin ɗorawa, kada ku jira ranar, Hajiya, ku kai ta a daren.